Ranar da Aka Sace Kunnen Ƙasa

Amadu gardi, wato mai gadi, shi ya fara gani. Ya dawo daga sallar Juma'a a Guci, ya hau tudun da ke bayan Garin Dada, sai ya tarar da ƙofar shingen waya a buɗe, kwaɗo a ƙasa, murfin ramin siminti a jingine. Ya leƙa ciki. Wayam! An ɗauke kunnen ƙasa.

Haka mutanen garin suke kiran abin. Wata na'ura ce da ba ta fi kwanon sha girma ba, ma'aikata suka kawo ta bara suka ɗaure ta a gindin rami, wai tana auna ƙarfin da ƙasa ke fizga in an yi girgiza. Su dai mutanen Garin Dada girgiza ba ta dame su ba, tun kakanninsu ƙasa ba ta taɓa motsa musu ba. Abin da ya dame su shi ne alkawarin da ya zo tare da ita, cewa in sun kula da ita za a haƙa musu foraj, rijiyar famfo, su huta da jan guga.

To, tudun nan kaf sawun shanu ne, kuma sawun ya miƙe har rugar wani makiyayi, Labbo. Kafin rana ta faɗi samari sun jibge ƙaya a hanyar rijiya, mai gari ya ce ko ɗan maraƙin Labbo ba zai ɗanɗana ruwa ba sai na'ura ta dawo. Ga bazara ta kai maƙura. Wata rijiyar kuma tafiyar yini ce cur.

Da safiyar Asabar aka aika a kira Mainassara mai bin sawu.

Tsoho ne siriri, marar son magana, kullum idonsa a ƙasa ko da gaisawa ake. Shekara arba'in yana bin ɓarayin awaki da na raƙuma tsakanin Dungas da iyaka, har ana cewa in ya ga inda ka taka sai ya faɗa maka abin da ka ɗauko a ka. Ɗansa Hamissou, ɗan kabu-kabu, shi ya goyo shi a moto har gindin tudun.

"Tsaya nan," in ji tsohon. "Kada ka ƙara mini taya a kan abin da suka riga suka ɓata."

Sun kuwa ɓata. Duk mai ƙafa a garin sai da ya hau tudun nan jiya don ya gani da idonsa. Mainassara ya yi tsaki har sau biyu.

Wata matashiya na tsugune a bakin ramin, da ordinata, wato kwamfuta, a cinya. Ruma'isa ke nan, injiniyar da ke kula da na'urar, ta taso daga Damagaram tun da asuba. Ta gaishe shi da ladabi, amma fuskarta babu walwala.

"'Yata, me aka ɗauka?"

"Ita kaɗai, Baba."

Ya ɗaga kai, abin da bai cika yi ba. Ga farantin hasken rana a kan sandarsa. Ga batir ƙato a cikin ramin, ga waya mai tsada a naɗe.

"Ita na'urar, nawa za ta yi a kasuwa?"

"Ko dala ba mai saye. Ba ta kunna rediyo, ba ta cajin salula. In ba mu ba, babu wanda take yi wa amfani."

"Ashe ba mai neman abin sayarwa ba ne," in ji Mainassara. "Wanda ya zo nan ya bar batir, tsoron abin yake."

*

Labbo na zaune a gindin gawo kusa da motar jandarma, hannuwansa a ankwa. Dogo ne, baƙin rawani, leɓɓansa sun bushe. Ajudan Bello, babban jandarman da suka zo, ya ja tsohon gefe ya gaya masa gaskiya.

"Baba, jiya saura kaɗan su ƙona masa ruga. In na sake shi hannu banza, jini za a zubar. Ana sallar la'asar zan wuce da shi. Abin da za ka yi, ka yi kafin nan."

Mainassara ya tsuguna gaban Labbo.

"Ina kake jiya da azahar?"

"Masallacin Guci, Baba. Na makara, a waje na yi sahu, can ƙarshe."

"Wa ya gan ka?"

"Allah."

"Shanun fa?"

"Na bar su kwance a inuwa, a fadamar da ke yamma da tudu. Da zafin nan ba sa tashi sai rana ta yi sanyi. Na dawo na tarar da su a ruga suna haki." Ya dubi wajen ruga. "Baba, ni a tafi da ni, ba komai. Amma rabonsu da ruwa tun jiya da hantsi. Akwai masu shayarwa goma sha ɗaya. Gobe war haka sai dai a kira mahauta."

Matar Labbo, Fadi, na tsaye nesa kaɗan da ƙwarya a hannu, ta kawo masa fura an hana ta matsowa. Tsohon ya je ya same ta.

"Kin ga shigowarsu?"

"Na gani. A guje suka zo, wutsiya a sama. Na zaci kura ce da rana tsaka."

"Mutum fa?"

"Ƙura ta rufe ko'ina, ban ga kowa ba."

Samarin da ke gadin ƙaya suka fara gunaguni. Wani ya ɗaga murya ya ce ai matar ɓarawo ba za ta ce ta ga ɓarawo ba. Mainassara ya juya ya dubi ƙafafunsa kawai, yaron ya ja bakinsa ya yi shiru.

*

Amadu gardi, wanda aka ba gadin na'urar, shi ya raɗa wa ajudan wani suna. Alhaji Abdoul Razak, mai fataucin esansi, wato man fetur, tsakanin Magariya da ƙauyuka. Tun ran da aka kafa na'urar yake zaginta.

Jandarma suka same shi a ƙofar shagonsa yana shan shayi. Bai ko girgiza ba.

"Na zage ta, kuma yanzu ma zan ƙara," in ji shi. "Girgizar ƙasa a Garin Dada? Haba, ajudan! Wa za a yi wa wayo? Abin nan ƙirga motoci yake, duk moton da ya bi hanyar daji da bido, jarkar esansi, sai ya aika wa duwan, 'yan kwastan. Na gaya wa yarana, na gaya wa 'yan kabu-kabu, kowa ya yi hattara."

"Jiya da azahar kana ina?"

"Magariya, wajen ɗaurin auren ƙanen matata. Sahun gaba, kusa da liman. Mutum ɗari biyu sun ci shinkafata."

Aka buga waya, aka tabbatar. Aka birkice shagon, bido sama da hamsin, babu na'ura. Alhaji ya raka su da dariya har bakin hanya. Rana ta riga ta take tsaka, kuma daga nan ana jiyo kukan shanun Labbo, kuka mai tsawo irin na ƙishi, wanda duk wanda ya taɓa kiwo ba ya son ji.

*

Ruma'isa ce ta kira tsohon zuwa inuwar mota.

"Baba, zo ka ga wani abu. Na'urar tana aika abin da ta ji zuwa Yamai, duk daƙiƙa. Sun turo mini na jiya."

Layi uku ne a fuskar ordinata, kwance, ɗaya bisa ɗaya.

"Wannan motsin gabas da yamma ne, wannan kudu da arewa, wannan sama da ƙasa. In ƙasa ta fizga, sai layin ya yi tsalle. Girgiza mai ƙarfi take jira, amma in garke ya wuce dab da ramin tana jin sa. Dubi na ranar Laraba da yamma."

Layukan suka yi kaca-kaca na ɗan lokaci, suka lafa. Mainassara ya matso da fuskarsa. Bai yi lakwal ba, ko sunansa ba ya iya rubutawa, amma wannan ya gane shi sarai. Sawu ne, sai dai ba a yashi ba.

"To na jiya?"

"Ga shi. Shiru tun hantsi. Ƙarfe biyu da minti bakwai, ɗan ƙwanƙwasa, nan ake fasa kwaɗo. Sai babban tsalle, an ɗaga ta. Daga nan ta mutu."

"Babu shanu kafin nan."

"Ko ɗaya."

"Ashe ɓarawo ya zo shi kaɗai, ya gama aikinsa, sannan aka kawo shanu su share masa hanya."

Ajudan ya girgiza kai. "Wannan bai wanke Labbo ba, Baba. Shi ma zai iya ɗauka, ya koma ya koro shanunsa."

Mainassara ya miƙe. Ya karɓi aron ƙwaryar Fadi, ya ce kada kowa ya biyo shi.

Bai koma tudun ba, can an gama ɓata shi. Fadama ya gangara, inda shanun suka kwanta, ya fara daga tushe. Ga makwancinsu a inuwa. Ga inda suka zabura gaba ɗaya, kofato ya nutse, ƙasa ta watsu baya. Ga duwatsu nan warwatse, an jefe su da su. Ya bi su a hankali. Garken bai tafi a jere ba, ya cure wuri ɗaya, manya suna ture ƙanana, kashi a zube tsilli-tsilli irin na dabbar da ta firgita. Wanda ya yi aikin nan ya san wani abu, don duk inda akwai ciyawa ko busasshen ganye nan yake takawa. Sau biyu tsohon ya ga gefen silifa, bai isa a kama mutum da shi ba. A gindin wata sabara ya ga inda igiyar silifar ta tsinke, mai ita ya tsaya ya ɗauka, ya ci gaba da ƙafa ɗaya ba takalmi, yana ɗingishi don zafin yashi.

Taki ashirin gaba, ya samu.

Wata saniya ta yi kashi ɗanye, mai korar ya taka tsakiyarsa, rana ta busar da shi yadda yake. Ƙafar hagu ce, tsirara, kowane layi ya fito. Mainassara ya ƙirga yatsun. Huɗu. Babu ƙaramin.

Ya zauna daɓas a kan yashi mai ƙuna, bai ma ji zafin ba. Ya san yatsan nan. Ya san ranar da ya fita, a gonar gero, shekara ashirin da huɗu da suka wuce, wani yaro ɗan shekara shida ya shigo ta bayansa yana noma. Hauyar Mainassara ce ta cire yatsan. Shi ya saɓa yaron a kafaɗa har likita yana kuka, uban ya fi ɗan kuka.

"Inna lillahi," ya ce. "Kai, kai, kai."

Ya duba gabas, ya duba yamma. Babu kowa, sai wata hankaka. Sandarsa na hannunsa, kuma busasshen kashin shanu ba ya jure duka ɗaya. In ya koma ya ce ƙasa ta ƙi magana, wa zai musa masa? Shekara arba'in ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Ya tuna jikokinsa biyu, ya tuna A'i, uwar yaron, da hawan jininta. Wallahi ya ɗaga sandar. Ya daɗe da ita a sama, iska kuma tana kawo masa kukan shanun nan, yanzu har ya fara dishewa.

Ya sauke ta. Ya kife ƙwarya a kan sawun, ya ɗora dutse.

*

Ya ce a tara kowa a fadama: mai gari, ajudan, Ruma'isa, Amadu gardi, Alhaji Abdoul Razak, da Labbo da ankwarsa. Rabin gari ya biyo baya. Hamissou ya kawo mai gari a moto, ya tsaya can gefe yana goge madubi.

"Ranka ya daɗe," in ji Mainassara, "kafin in yi magana, a bar Labbo ya kira shanunsa."

Ajudan ya ɗaga kai alamar ya yarda. Labbo ya juya wajen ruga ya yi wata 'yar kira, ba ma da ƙarfi ba. Shanun da ko tsayuwa da ƙyar suke, sai ga su sun taso. Ya fara tafiya, babbar saniya ta sa hanci a bayansa, sauran suka jeru ɗaya bayan ɗaya. Ya yi taki talatin ya tsaya, suka tsaya.

"To, a nuna mini sawun Labbo."

Mutane suka sunkuya suna dubawa. Babu. Shanu sun take shi tas.

"Kun gani? Mai shanu gaba yake shiga, su bi shi. Da Labbo ne, ko jifa ɗaya ba zai yi ba, kuma har abada ba za a ga inda ya taka ba. Mu ne muke kora daga baya, mu da muka saba da jaki da awaki. Wanda ya yi aikin nan ya ji ana cewa garke na share sawu. Gaskiya ne, yana share na gabansa. Shi kuwa yana bayansu."

Ya je ya ɗage ƙwaryar. Aka yi ca a kai.

"Yatsu huɗu!" in ji wani.

"Kowa ya cire takalminsa na hagu," in ji ajudan.

Labbo ya ture nasa da ɗaya ƙafar. Biyar. Amadu gardi, biyar. Alhaji ya cire yana mita, biyar. Ajudan ya juya wajen samarin gari, zai sa su yi layi.

"Kada ka wahalar da su," in ji Mainassara.

Hamissou ɗan fari ne. Tun da aka raɗa masa suna ubansa bai taɓa kiran sunan da bakinsa ba, sai dai "kai" ko "yaron nan", yadda aka saba. Shi ya sa da tsohon ya buɗe baki, har mai gari sai da ya razana.

"Hamissou. Zo ka cire naka."

Hamissou ya saki ƙyallen da ke hannunsa. Takalmi rufaffe ne a ƙafarsa, da zafin nan. Ya tako a hankali har gaban ubansa, bai cire ba, ya durƙusa.

"Baba..."

"Ina take?"

"Baba, watan jiya aka kama abokaina biyu a hanyar daji, aka ƙwace motocinsu. Alhaji ya ce abin nan ne ya ƙirga su. Ni ma nan nake bi da bido. In aka ƙwace nawa, me zan ba yara? Wallahi ban yi niyyar a kama kowa ba. Na zaci za a ce shanu sun wuce kawai, magana ta mutu."

"Ba ta san moto ba!" Ruma'isa ta faɗa, kamar za ta yi kuka don takaici. "Ba ta san duwan ba, ba ta san sunan kowa ba. Ƙasa kawai take saurare, don in wata rana ta motsa a san irin ginin da zai tsaya. Sau nawa na faɗa a ƙofar mai gari?"

Alhaji ya fara ja da baya cikin mutane. Ajudan ya ce masa ya tsaya inda yake, akwai magana.

"Na ce ina take?" in ji Mainassara.

Hamissou ya sunkuyar da kai har ƙasa. "Cikin rumbunka, Baba. Ƙarƙashin damman gero. Na san nan ne kaɗai ba za a bincika ba."

Tsohon ya rufe ido. Wannan ta fi sawun yi masa ciwo.

*

An samo na'urar a naɗe cikin buhu, lafiyarta lau. Ajudan ya kwance ankwa daga hannun Labbo. Bai sa wa Hamissou ba, ya buɗe masa ƙofar mota kawai, don kunyar tsohon.

Mainassara bai tsaya kallo ba. Ya nufi rijiya. Samarin da suka jibge ƙaya suna tsaye cirko-cirko, kowa na jiran wani ya fara. Ya sa hannu tsirara ya fizge reshen farko, ƙaya ta yage masa tafi, sannan suka ruga suka kwashe sauran. Ya ɗauki guga ya zura.

A nan A'i ta same shi. Labari ya riga ya kai mata, ta fito ko mayafin kirki babu.

"Malam, an ce kai kaɗai ka ga sawun."

"Ni kaɗai."

"Babu wanda ya bi ka."

"Babu."

"Ɗanka ne fa, Malam. Na cikinka."

Ya jawo gugan, ya juye a kwami. Shanu suka yi caa, Labbo na tare manya da sanda don masu shayarwa su fara sha.

"Na ɗaga sanda zan fasa shi, A'i," in ji shi. "Allah ya gani, na ɗaga. Hannun ne ya ƙi."

Ta juya ta bi motar da ta fara tafiya, tana sauri tana tuntuɓe, har ta gane ba za ta cim mata ba, ta tsaya a tsakiyar hanya.

Labbo ya matso, ya ga jini a igiyar guga.

"Baba, kawo in karɓa. Hannunka ya fashe."

"Bar ni."

"Don Allah, Baba."

"Na ce ka bar ni, Labbo. In na saki igiyar nan, gida zan tafi, kuma ban san da wace fuska zan shiga ba. Saura nawa ba su sha ba?"

Labbo ya duba garken. "Da yawa."

"To madalla," in ji tsohon, ya sake zura gugan.